Intabiyun da Na Ci wa Maƙwabciyata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe sauran labarai, da ranar da na fara shiga intabiyu. Lokacin jihar Kebbi na sabuwa fil, aka ce wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Yelwa na neman mai dafa abinci. A shekarar, kamun kifi ya yi wa maigidana wuya a tafki, ga yara, sai na ce zan gwada.

Shi ya yi mini bayani: "Intabiyu ba wani abu ba ne, zaunar da ke za su yi su yi ta tambaya, su ga ko kin dace." Na ce in dai magana ce ai an zo gida (Inna kan ce ko da turmi aka bar ni sai mun yi hira).

Tare muka je da Lantana maƙwabciyata, ita ta fara shiga. Da aka kira ni, na durƙusa na gaida shugabar makarantar da malamanta. Tuwon shinkafa, miyar kifi, girkin taro, duk na amsa tiryan-tiryan. Sai shugabar ta ce, "To Malama, mi ya sa kike ganin ke kika fi dacewa?"

Jama'a, mu a gidanmu ba a yabon kai. Ko ɗinkinka aka yaba, cewa za ka yi kyawun yadi ne. Bakina ya buɗe da kansa: "Wa, ni? Haba Hajiya, ina ni ina Lantana! Da kin ɗanɗana miyar kukarta..." Na yi ta zubawa: tsabtarta, haƙurinta, yadda ba ta ɓarnar mai. Wani malami ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Ita ma haka ta ce, ta fi kowa."

Suka ɗauki Lantana. Maigida ya daɗe yana kira na wakiliyar Lantana. (Amma ku lura, bakina ne ya ci intabiyun, ko da wata ya ci wa.)

Bayan hutu ɗalibai suka ƙaru, aka sake nema. Wannan karon na gyara zama na ce, "Hajiya, daga nan har Warra babu mai tuƙa tuwo kamata." Sai da ta ɗaga hannu ta ce ya isa. A makarantar na yi girki har na yi furfura.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma ranar intabiyu, a ajiye ta bakin ƙofa tare da takalmi, a ɗauka in an fito.