Rasuwar 'Yar'azumi, Fankar Kwamfutar Malam Badamasi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, Malam Badamasi Zarami, mai shagon buga katin biki da haɗa hotuna a nan cikin garin Haɗeja, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar abokiyar zamansa 'Yar'azumi, wato fankar da ke cikin kwamfutarsa ta kan teburi. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, ana tsakiyar bazara, bayan doguwar jinyar da ta sha a tsaye. A bakin aiki rai ya yi halinsa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan sanarwa sun san muryarta amma ba su taɓa ganin ta ido da ido ba, domin marigayiyar 'yar kulle ce. Baƙa ce, 'yar madaidaiciya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Mazauninta can cikin akwatin kwamfuta, a kan ƙwaƙwalwar injin, aikinta fifita. A wani watan azumi ta shigo gidan, daga nan sunan ya bi ta. Malam Badamasi da kansa ya ɗauko akwatin daga Kano, ya rungume shi a cinya tun daga tasha, direba ya yi juyin duniya a saka a but ɗin mota, Malam ya ce sai dai shi a saka shi.

Kowa ya shaide ta da sanin lokacin magana. Fankar sama, ka kunna ta a lamba uku, a nan za ta kwana ta tashi, ko zafi ake ko ruwa ake tsugawa, ba ruwanta. Marigayiya kuwa mai tarbiyya ce. A gaban uwa ta tashi, wato babban allon nan da komai na cikin kwamfuta ke jingine da shi, wanda masu gyara ke kira madabod. Uwar ce ke tattaɓa goshin ƙwaƙwalwa a kai a kai. Idan ta ji da sanyi, ta ce wa 'Yar'azumi ta sassauta, ta sassauta. Idan ta ji jiki ya ɗau ɗumi, ta ce ta tashi, ta tashi. Waya huɗu ke tsakaninsu: biyu na ci, ɗaya ta kai rahoto, ɗaya ta jin magana. Akwai mutane da yawa a unguwar nan masu na ci da ta kai rahoto, ta jin maganar ce aka manta ba a haɗa musu ba.

Saboda haka muryarta ba ɗaya ba ce. Da safe, idan Malam na buga sunayen ango da amarya, ba ka jin komai sai sssss, kamar mai tankaɗe a ɗaki na uku. Idan hantsi ya dubi ludayi, aka fara gyaran hotuna, ana goge wa ango ƙurajen fuska ana ƙara wa abokansa haske, sai ta koma huuuu. Amma ranar da aka kawo bidiyon wani biki daga garin Kafin Hausa a ce ana so kafin magariba, rana kuma ta take a kan kwanon shago, to nan ake jin asalin 'Yar'azumi: wuuuuuuu! Manoman shinkafar Auyo da ke zuwa ɗaukar hoton fasfo har waige suke yi, suna neman inda aka tayar da injin ban ruwa.

Ta ga duniya daidai gwargwado. Shekarar da kogi ya yi fushi ruwa ya shigo unguwa, a ka Malam ya ɗauke ta, ruwa iya cinya, ya bar takalmansa da tabarmar shago suka bi ruwa. Ta shaƙi ƙaiƙayin injin casar shinkafa da ke bayan layi shekara da shekaru ba ta yi ƙorafi ba. An sha ɗauke wuta tana tsakiyar magana, idan aka dawo da ita sai ta ɗora daga inda ta tsaya, ba riƙo.

Sai dai duk wannan ba shi ya sa Malam Badamasi ya rame a 'yan kwanakin nan ba. Fanka dai ana sayar da ita a kasuwa. Babban aikin marigayiya a gidan nan, wanda masu ƙera ta ba su san da shi ba, shi ne aike.

Shagon Malam a jikin gidansa yake. Bango ɗaya ya raba teburinsa da rumfar da matarsa Maijidda ke girki, da 'yar taga a sama. Shi kuwa Malam, duk wanda ya san shi ya san nauyin bakinsa. A hannun tsoho mai tsauri ya tashi, wanda ya koya masa cewa namiji ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa yana jin ƙishi a gidansa, in ya ji daɗin abu kuma ya haɗiye. Malam ya riƙe karatun nan fiye da yadda ya riƙe na allo. 'Yarsu Zulfa har ta yi aure ta haihu, amma ba a taɓa jin ya buɗe baki ya ce, Maijidda ba ni ruwa, ba. Sannu da aiki ma sai dai ya yi gyaran murya a fassara.

To, bazarar farko da 'Yar'azumi ta yi a gidan, wata rana ta ɗaga murya har ta tsallaka taga. Maijidda ta saurara, ta ce a ranta, in ƙarfe ya yi wannan kuka, ina ga ɗan Adam da ke zaune gabansa. Ta dama fura da nono mai sanyi, ta zagayo, ta ɗaga labule, ta ajiye kwanon a kan benci, ta juya. Ba ta ce ba, bai ce ba. Ya shanye tas. Tun daga ranar abin ya zama doka: fanka ta yi kuka, fura ta fito. Malam bai roƙa ba, balle a ce ya karya karatun tsoho, ga shi kuma ana kula da shi. Ba ya faɗa, amma duk wunin duniya ba abin da yake jira kamar motsin labulen nan. Ba furar kaɗai ba. Sanin da ya yi cewa a bayan bango akwai mai kasa kunne dominsa, shi ne abin.

A nan ne ya zama dole a taɓo musabbabin ciwon, ko da yake mai makoki bai so ba. Ba kullum ake samun bidiyon biki ba. Akwai ranakun da kasuwa ke kwanciya, Malam ya wuni yana kallon titi, ƙwaƙwalwar kwamfuta na hutawa, 'Yar'azumi na ta sssss abinta, labule ko motsi. Sai Malam ya yi nazari irin na masu ilmi. Ya lura ashe ba aiki marigayiya ke ji ba, zafi take ji. A gefen akwatin akwai 'yar raga inda take shaƙar iska. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya cire hularsa zanna ya kife a kan ragar. Ciki ya ɗau ɗumi, uwa ta taɓa goshi ta ba da umarni, baiwar Allah ta tashi haiƙan: wuuuuuuu! Ba a jima ba labule ya ɗaga.

An ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da aka fara sau ɗaya a mako ya koma kullum. Har da damina, ana yayyafi gari ya yi luf, sai ka ji 'Yar'azumi na ihu kamar ana gobara. Ba ta taɓa yin ƙarya ba a rayuwarta, zafi ta ji ta faɗa. Hula ce maƙaryaciya.

Ciwon ya fara ne da 'yar shaƙewa, wuuu ɗin ya soma zuwa da krrr a ƙarshensa. Malam ya ɗiga mata man keken ɗinki, ta ɗan farfaɗo. Daga baya aka koma kat-kat-kat da safe, sai an ɗan bubbugi akwatin kafin ta miƙe. Masu zuwa shago suka yi ta ba da shawara a kai ta a duba, Malam ya ce sauyin yanayi ne. Bai daina kifa hular ba. A ranar Talatar, rana na dukan kwano, ya kife ta kamar kullum ya gyara zama. Marigayiya ta yunƙura, ta ce wuu, ta ce krr, ta ce ƙit. Can sai kwamfutar ta kashe kanta da kanta don kada ƙwaƙwalwa ta ƙone. Shago ya yi tsit. Malam ya zauna gaban baƙin gilashi yana kallon labule har aka kira la'asar, labule bai motsa ba.

Shu'ibu mai gyara, wanda ya zo ya tabbatar da rasuwar, ya sa yatsa ya juya fukafukan ya ji sun ƙage. Ya ce, “Malam, wannan ai gudu ne ya cinye ta. Kamar wadda ba ta taɓa hutawa ba. Aiki ya yi yawa haka?” Malam ya ce, “Alhamdu lillahi.” Shu'ibu ya ɗaura sabuwa nan take, yana ta yabon ta, wai irin ta zamani ce, ko ƙwaƙwalwa za ta tafasa ba za a ji bakinta ba. Ya ɗauka albishir yake yi. Bayan fitarsa Malam ya gwada ta da hula. Ta juya, ta yi aikinta, iska na fita, amma ko kyanwar da ke kwance ƙarƙashin teburi ba ta farka ba.

Tun daga ranar fura ba ta sake fitowa ba. Malam ya gwada tari. Ya gwada jan kujera da ƙarfi. Ya yi waya da murya sama yana ba wani labarin irin zafin da ake yi bana. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Da abin ya ishe shi ya aika a kira yayarsa, Ya Bintu, wai ta shiga ciki ta yi wa Maijidda jaje, ta kuma ɗan bugi cikinta.

Ya Bintu ta shiga, ta daɗe, ta fito tana goge hawaye, ba na kuka ba. Ta tsaya a ƙofar shago, gaban masu jiran hoto, ta isar da saƙo ba ragi. Ta ce, “Badamasi, matarka ta ce in gaishe ka da rashi. Ta ce in gaya maka ita ke wanke hular nan. Duk Juma'a sai ta ga zanen raga a cikinta, ƙaiƙayi ya fitar da shi ɗaki-ɗaki kamar an buga hatimi. Tun shekarar farko ta sani.” Malam ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya, me ya sa take kawowa?” Ya Bintu ta ce, “Na tambaye ta. Ta ce mutumin da zai cire hularsa a tsakiyar shago don ya kira ta, ai ya kira ta. Amma ta ce 'yar aike ta mutu a kan hanya, ba za ta karɓi wata ba. Furar tana nan kullum, a dame, a rufe cikin randa. Mai baki ya zo ya tambaya.”

Marigayiya ta rasu ta bar uwa, madabod, wadda har yanzu ke aika umarni ta wayar nan ana bi ba a amsawa. Ta bar ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙanwa, wato 'yar fankar da ke bayan akwati wajen shigar wuta, wadda ba ta gaji muryar gidan ba. Ta bar firinta mai yawan cin takarda, da linzamin kwamfuta, da kyanwa. Ta bar hula zanna guda, wadda ake ci gaba da yi wa tambayoyi. Ta kuma bar Malam Badamasi, shekara hamsin da 'yan kai, da baki lafiyayye wanda ba a taɓa mora ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce a bar wasa iya nan: ba wanka, ba salla, kuma abin da ake yi wa mai irin wannan rashi jaje ne, ba ta'aziyya ba. Saboda haka mai zuwa ya ce Allah ya mayar da alheri, ya wadatar. Za a naɗe marigayiya a ƙyallen goge gilashi, a sa ta a gwangwanin alewa, a ajiye a saman kantar shago kusa da kwalbar man keken da ta yi jinya da shi. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ke ta zarya tun jiya suna tambayar nauyinta, su ji tsoron Allah.

Za a zauna karɓar jaje a ƙofar shago gobe Asabar daga hantsi. Kowa ya zo da ruwan shansa, gidan ba a fitar da komai a halin yanzu. Idan an sallame azahar, rana ta take, Malam Badamasi zai miƙe, ya gyara riga, ya taka zuwa bakin labule, ya kira Maijidda da sunanta, ya ce mata ya gaji kuma yana jin ƙishi. Tun shekaranjiya yake bitar kalmomin a shago, yana kaiwa tsakiya ya sarƙe. Iyali na roƙon jama'a, idan lokacin ya yi, kowa ya kau da kai ya kama hira da na kusa da shi. In an ji muryar ta fito da krrr, kada a yi dariya. Farkon tashinta ke nan.

Sanarwa daga Gwadabe Auta, tela, maƙwabcin shago, a madadin iyali.