Yadda Za Ka Zaɓi Turmin Dutsen Meksiko, Ka Hore Shi, Ka Kai wa Mahaifiyarka

Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, na lamunce maka za ka mallaki turmin dutse na ainihi daga ƙasar Meksiko, wanda babu irinsa daga Daura har Kongolam. Kada ka tambaye ni ko na taɓa zuwa can. Ni iyakata Kano, ita ma ciwon ido ya kai ni. Amma a gabana taubashina Misbahu, malamin gona a Baure, ya yi wannan aiki shekara biyu bayan ƙaddamar da shari'a, kuma ba abin da ya wuce ni, don katanga ɗaya ta raba gidanmu da na mahaifiyarsa, Inna Maimunatu, shi ma a can sashensa yake.

Mataki na 1: Fara rabuwa da na gida

Nemo dutsen niƙan mahaifiyarka, wanda ta zo da shi gidan aure daga ɗakin tata uwar, ka kawar da shi. Misbahu ya yi haka lokacin da yake sabunta mata ɗaki. Magina suka ce dutse ya gaza a tushe, ya waiga ya ga nata jingine a gindin bedi, ya ce su ɗauka. Inna tana gidan suna. Da ta dawo ta tambaya, sai ya ce, "Inna, ga inji a bakin layi, wa yake niƙa a dutse yanzu? Ai kayan ƙauye ne."

Ba ta yi faɗa ba. Gaisuwa tana amsawa, tuwo tana zuba masa, amma "Allah ya yi maka albarka" da take rufe kowace magana da shi, sai ya ɗauke ɗif. Shekara guda yana kawo atamfa, yana kawo turare, ta ce "An gode," ta tura ƙarƙashin gado. Abin ya ci shi har wuyansa ya yi tsawo. Dalilin kuwa bai taɓa faɗo masa a rai ba, ga shi da digiri.

Mataki na 2: Je ka inda ake yinsa

Sa a tura ka Meksiko kwas na wata biyu kan irin masara. Idan ba ka da hanya, wannan damuwarka ce. Ranar ƙarshe ka shiga kasuwa da niyya ɗaya: tsarabar da za ta buɗe bakin Inna. Misbahu ya wuce zannuwa, ya wuce takalma, ya tsaya gaban wata tsohuwa mai jere da baƙaƙen turame masu ƙafa uku, kowanne girman akushi, da 'yar taɓarya ta dutse da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Da wannan suke niƙa barkono da tumatir a can. Ya ce a ransa, ko matar ciyaman ba ta da irin wannan.

Mataki na 3: Gwada shi kamar masani

Na gaskiya daga dutse mai aman wuta ake sassaƙo shi, jikinsa duk ƙananan ramuka. Na jabu siminti ne. Karta da wuƙa: in ya zubo da gari, ajiye. Zuba masa ruwa ka shinshina: in ka ji warin sabon gini, ajiye. Duk wannan tsohuwar ce ta nuna wa Misbahu da hannu, shi aikinsa gyaɗa kai.

Sannan ka ɗaga shi. In bayanka bai amsa ba, ba na ainihi ba ne. A filin jirgi za a ce kayanka sun yi nauyi. Kada ka yi wata-wata. Misbahu ya bar musu littattafan kwas ɗin duka, da takalman da ya saya wa matarsa Ikilima, wadda har yau ba ta gama maganar ba.

Mataki na 4: Kada ka duba gabansa sai ka iso gida

Mutanen can suna sassaƙa kan dabba a jikin turmi don ado. Misbahu ya ga kunnuwa biyu, bai ƙara kallo ba. Sai da aka kwance kwali a zaure, 'yan sannu da zuwa sun cika, Malam Badaru ya sunkuya. Shi Malam Badaru dillalin dabbobi ne, kuma a shekarun nan shi ke bin unguwa yana sa a sauke hotuna daga bango.

Ya ce, "Misbahu, wannan wace dabba ce?"

"Ɗan maraƙi ne, Malam."

"Shekara talatin ina cin kasuwar Mai'adua, ban taɓa ganin maraƙi mai hanci kamar murfin kwalba ba. Alade ne. Na taɓa hango shi ta tagar mota a hanyar kudu."

Wani da ya shafa turmin ɗazu ya shiga goge hannu a bango. Malam Badaru ya ce matsala biyu ce, ga siffa ga aladanci, don haka a fille kan, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, don a fita daga shakka. Wankin, Misbahu ya yi. Fille kai kuwa ya ƙi, wai shi ne shaidar cewa daga can ya fito. Sai ya ɗauko hular ulu ta jaririyarsu ya kifa masa. Kai ma ka yi haka. Abin da ba a gani ba a yi masa fatawa, in ji Misbahu, ba in ji ni ba.

Mataki na 5: Hore shi

Sabon dutse yana zubar da tsakuwa, dole a cinye masa ita kafin a sa abinci. Jiƙa shi ya kwana. Zuba ɗanyar shinkafa ka yi ta murzawa: za ta fito toka-toka, ka zubar, ka sake, har ta fito fara. Bayan nan tafarnuwa da gishiri. Sabulu kada ya kusance shi.

Murzawa na ce, ba daka ba. Ikilima ta ji an ce turmi, ta ɗauko taɓaryarta ta kirɓa masa, taɓaryar ta tsage. Daga ranar ta ce ita da shi sai kallo. Misbahu ya naɗe hannun riga da kansa, kwana tara yana durƙushe a tsakar gida, kaji suna ƙiba, shinkafa tana fitowa kamar daga murhu aka kwaso ta.

Mataki na 6: Ɗanɗana, kada ka nuna

A rana ta tara ya gaji, ya ce ta yi fari. Ya niƙa tattasai da tumatir ya kai baki, na ji ƙarar tsakuwa a haƙorinsa daga gidanmu. Ya haɗiye, hawaye na zuba, ya ce wa Ikilima haka ɗanɗanonsa yake a can.

Mataki na 7: Kai mata

Bayan la'asar ya rungumi turmin ya shiga wurin Inna. Ya dire ya ce, "Inna, ga tsarabarki. Tun daga bangon duniya na ɗauko miki."

Inna ta cire hular, ta dubi aladen, aladen ya dube ta. Ta shafa cikin turmin da tafin hannu, a hankali, ta daɗe tana shafawa. Sai ta shiga ɗaki ta janyo wani ƙunshi daga bayan atamfofinsa da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Makoɗinta ne, ɗan dunƙulen dutsen da take fasa wa dutsen niƙanta kaifi da shi. Bugu uku, hanci da kunnuwa suka faɗi ƙasa. Ta bi cikin turmin ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta wanke, ta murza dusa, ta sake wankewa. Kafin a kira magariba ta niƙa jiƙaƙƙen gero ya fito fari tas, babu tsakuwa ko ɗaya.

Ta ce, "Dutse ne mai kyau. Wa ya sayar maka?"

"Wata tsohuwa ce, Inna."

"Ka ce mata kayan ƙauye ne?"

Misbahu ya shiga tsince hanci da kunnuwan daga ƙasa.

Ta ce, "Nawa ya fi shi laushin hannu. Uwata ta yi niƙa a kansa, ni ma na yi, da shi na yi maka kunun yaye. Yana nan ƙarƙashin ɗakin nan, a kansa nake kwana. Ashe laifinsa ɗaya, bai hau jirgi ba."

A nan ne abin ya faɗo masa, bayan shekara guda da wata biyu da kwana tara. Kunya ta kama shi, ya kifa kai a gwiwa, ƙato da shi yana kuka yana cewa ta yafe masa. Ni ma da nake leƙe ta katanga sai da na share ido, ban so ba.

Inna ta tura masa turmin da ƙafa, ta miƙa masa barkono. "Riƙe da hannu biyu. Daga kafaɗa ake murzawa, ba daga wuyan hannu ba." Ya yi ta murzawa yana atishawa. Ta lakata ta ɗanɗana, ta ce bai yi ba, amma za a ci. Har ta kai ƙofar ɗaki, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin haƙorin da ya fashe ba, ko taɓaryar da ta tsage, ko takalman da aka bari a filin jirgi, ko abin da Malam Badaru zai ce in ya gan ka. Na lamunce maka turmi, ban lamunce maka albarka ba, wannan a bakin mahaifiyarka take. In kuwa nata dutsen yana nan jingine a gindin bedi, ka tsallake mataki na ɗaya, sauran shidan ma ba ka bukatarsu.