Rasuwar Tagwayen Faifan Birkin Gaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, malamin kimiyyar nan mai farar mota, wanda gidansa ke can ƙasan doguwar gangara, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna toshe kunne, rasuwar tagwayen faifan birkin gaba na motarsa.

Na hagu ya cika ranar Talata da hantsi a kan bencin gareji, bayan doguwar jinyar da mai shi ya yi ta musun akwai ta. Na dama ya bi shi bayan minti ashirin. Shi nasa ciwon bai kai na tafiya ba, bakanike ne ya ce ba a canza faifai ɗaya a bar ɗaya, tare suka zo, tare za su koma. Malam ya roƙa masa arziki, ya ce a dube shi mana, ai da sauran ƙarfinsa. Bakanike ya ce in aka haɗa tsoho da sabo a gaban mota, ranar da aka taka birki kowa nasa ɓangaren zai ja, motar ta nufi inda ba a aike ta ba. Haka aka kwance na dama yana ji yana gani.

Ga wanda bai san mamatan ba, kuma yawancin jama'a ba su san su ba: ƙarafa ne zagayayyu, kowanne kamar murfin babbar tukunya, suna zaune a bayan tayoyin gaba. Aikinsu ɗaya ne. In direba ya taka birki, takalman birki su matse su ta gefe biyu, su kuwa su daure har motar ta tsaya. Shekara goma sha ɗaya suka yi suna wannan dauriya a hannun Malam, ban da waɗanda suka yi wa mai motar na farko, mutumin da aka ce bai taɓa ganin ramin titi ya kauce masa ba.

Masu kawaici ne. Injin yana da surutu, hon ba shi da kunya, fitilu suna son a san da su, amma tagwayen nan ba su taɓa neman a gan su ba. Sun tsaya wa akuya. Sun tsaya wa mai keken da ya yanke shawarar juyawa bai shawarci kowa ba. Sun tsaya, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, duk lokacin da maiɗakin Malam ta dafa masa hannu a tsakiyar titi ta ce ya tsaya nan nan nan, ta hango ƙawarta. Ba a taɓa yi musu godiya ba. In an kuɓuta daga haɗari, Malam ne yake kwana uku yana ba da labarin ƙwarewarsa a ɗakin malamai.

Mu 'yan Adam ba mu san ajalinmu ba. Su nasu a rubuce yake, an buga shi da ƙananan lambobi a gefensu tun daga masana'anta: iyakar siririn da za su yi kafin su ajiye aiki. Malam, wanda ya shekara ashirin da biyu yana yi wa ɗalibai faɗan su karanta tambaya kafin su amsa, bai taɓa durƙusawa ya karanta ba. Gwiwa ce ke damunsa, in ji shi.

Ciwon ya fara ne bara, da wata 'yar murya siririya kamar ta sauro: tsiii. Malam ya saurara, ya yanke hukuncin datti ne, ya ƙara muryar rediyo daga takwas zuwa sha biyu. Bayan wata uku muryar ta girma ta koma ƙiiiƙ, ƙiiiƙ, har maigadin makaranta ya daina leƙo titi, da ya ji kukan sai ya buɗe ƙofa, ɗalibai kuma su bar hira su ruga aji. Malam ya ɗauki wannan a matsayin kwarjini. Rediyo ta koma ashirin. Sau biyu ya kai majinyatan wurin mai injin sassaƙar ƙarfe aka kankare musu fuska, suka dawo sumul, sun fi da rama, shi kuwa ya kira abin magani. Daga ƙarshe sai gurrr, gurrr, sitiyari yana kakkarwa a hannunsa kamar mai zazzaɓi. Ya ce wa maiɗakinsa titin ne ya lalace. Ta tambaye shi ko titin ne yake biyo su har cikin gida.

Da shi kaɗai ne ke shiga motar, da yanzu ma ana nan ana ƙara muryar rediyo. To sai 'yarsa ta fari ta sami aikin jinya a wani asibiti can ƙarshen gari, inda bas ba ya zuwa sai ya ga dama. Malam, cikin murna da cika baki, a gaban 'yan uwa, ya ce daga ranar Litinin motar ta zama tata. Ranar Asabar suka fita ta saba da hanya, ita a sitiyari, shi a gefe yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba. A dawowa suka biyo gangara. Kafin a kai gidansu akwai mahaɗar da manyan motocin yashi ke ratsawa. Yarinyar ta taka birki a kan lokaci, yadda aka koya mata. Mamatan suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya sani. Suka yi gurrr, suka yi ƙiiiƙ, suka yi wani sabon kuka da ba a taɓa jin sa ba, kaf-kaf-kaf, motar tana ta gangarawa. Ta tsaya bayan ta ƙetare layi da rabin jikinta. Wata tifa ta wuce ta gaban hancinsu, iskarta ta girgiza gilashi.

Yarinyar ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta kashe rediyo. Sannan ta tambayi babanta tun yaushe motar take haka. Ya ce tun jiya. Ta dubi lambar da muryar rediyon ta tsaya a kai, ta dube shi. Malam yana so jama'a su sani cewa a rayuwarsa an zage shi, an yi masa ihu a taron iyaye, shugaban makaranta ya taɓa tsayar da shi a gaban ɗalibai, amma bai taɓa jin abin da ya shige shi kamar wannan kallon ba.

A gida maiɗakinsa ta saurari labarin har ƙarshe, ta karɓi makulli, ta jefa a jakarta ta ja zif. Ta ce in shi ya gaji da duniya, wannan tsakaninsa da gangararsa ne, amma ita wata tara ta ɗauki yarinyar nan, ba za ta miƙa ta ga tsohon ƙarfe ba. Makulli ba zai fito ba sai bakanike ya ce da bakinsa motar ta warke. Igiya aka ɗaura wa motar aka ja ta zuwa gareji, maƙwabta suna leƙe.

Binciken gawa ya faɗa hannun bakaniken, wanda tsohon ɗalibin Malam ne, ɗan bencin baya, da ya sha karɓar sifiri da jan biro daga wannan hannun. Ya auna mamatan, ya ce na hagu ya wuce ajalinsa tun bara waccan, kuma ya karkace kamar faranti da aka zauna a kai. Ya tambayi Malam, cikin ladabi, yadda yake kula da motar. Malam ya gyara tsayuwa. Ya ce shi ba ya wasa da tsafta: kullum ya sauko gangaren nan, ƙafarsa a kan birki tun daga sama saboda taka-tsantsan, da ya shiga gida kafin ya cire takalmi sai ya jawo tiyo ya wanke tayoyin tas da ruwan sanyi, har sai ya ji suna cuuu, tururi yana tashi. Ya ce wannan cuuu ɗin godiya ce suke yi.

Bakanike ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya tambaya, wai ba Malam ne ya koya musu cewa ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi ba, har da zane a allo? Ya ce shi duk zamansa a makaranta wannan darasin kaɗai ya riƙe, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. Malam ya dubi rufin gareji. Saboda haka iyalan mamatan suna roƙon a daina zargin titi. So ne ya kashe su, da tiyo a hannunsa.

Sun rasu sun bar 'yan uwansu na baya guda biyu, waɗanda tun asali ba su cika son aiki ba. Da birkin hannu, wanda ya daɗe da shanyewa, dutse ake sa wa taya a madadinsa. Da tayoyi huɗu 'yan uba daban-daban. Da safayar taya wadda rabonta da iska tun tana amarya. Sai rediyo, wadda muryarta ta dushe wajen rufa musu asiri. Takalman birki ba sa cikin masu rai. An same su a wurin sun cinye har ƙashi.

Batun magada ya so ya jawo rigima. Bakanike ya ce Malam ya ɗauki ɗaya daga cikin mamatan ya tafi da shi shagon kayan gyara a gwada. Malam ya ce shekara sha ɗaya yana tare da su, ko cikin barci zai gane irinsu. Mai shago ya kira shi yallaɓai, ya ba shi kujera, ya ce na kamfanin motar sai an yi oda a jira wata guda, amma akwai na kasuwa, kowane iri. Ya fito da wasu masu ƙyalli, an huhhuda su kamar rariya, an tsattsaga musu layi, ya ce irin waɗanda 'yan tseren mota ke sawa ne. Malam, mutumin da tun da ya sayi motar allurar gudunta ba ta taɓa wuce sittin ba, ya ƙura musu ido. Ya hango kansa a danja, matasa suna leƙen tayoyinsa. Ya rungumo su ya kawo gareji. Bakanike ya ɗora ɗaya a mazauninsa, faɗinsa ya zarce da kaurin yatsa biyu. Ya ce lafiyarsu ƙalau, motar da aka yi su dominta ce kawai Malam bai saya ba tukuna.

Washegari aka koma shagon aka mayar da su, wannan karon da na hagu a cikin buhu, da 'yar Malam riƙe da takardun mota. Aka shimfiɗa mamacin a kan kanta, aka riƙa ɗora masa masu neman gado ɗaya bayan ɗaya, ana duba faɗi da kauri da hudojin noti. Biyu kaɗai suka dace. Ɗaya yana cikin kwalin da ba suna, mai araha, marar nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi kukan gwangwani. Ɗayan baƙi ne, mai nauyi, ba ado ba ƙyalli, kamar mamacin ne a ƙuruciyarsa. Mai shago ya ce shi ma mai arahar yana yi, ai mutane suna saye. Malam ya tambaye shi ko zai sa shi a motar 'yarsa. Mai shago ya ce shi 'yarsa ba ta da mota. Malam ya ɗaga mai nauyin da hannu biyu, ƙugunsa ya amsa, ya ce a ba shi guda biyu. Ya fita bai waiwayi masu ƙyallin ba, ko da yake shaidu sun ce ya yi ajiyar zuciya a bakin ƙofa.

Za a kai mamatan makwancinsu ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe, daga gareji zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan kasuwa. Malam ya nemi a bar masa na dama ya rataye a falo don tunawa, maiɗakinsa ta ce ya zaɓa, ko faifan a falo ko ita.

Za a ɗauke su ne a but ɗin bayan motar da suka yi wa hidima. Bakanike ya yi gargaɗin cewa sababbin faifai ba a yi musu shigar sauri, sai an riƙa takawa a hankali, a tsaya, a tashi, a tsaya, kamar sau talatin, har su saba da sababbin takalmansu. Don haka motar gawa za ta riƙa tsayawa a hanya ba gaira ba dalili. Ana roƙon masu rakiya su ba da tazara, kada a yi hon, kada a ɗauka jimami ne. Wanda ya ga tayoyin sun yi zafi ya riƙe ruwansa.

Makulli zai fito daga jaka a ƙofar gareji, bayan bakanike ya ɗaga kai, kuma hannun 'yar Malam zai shiga kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Ita za ta ja. An amince Malam ya zauna a gefe, bisa sharaɗin ba zai ba da umarni ba.

Masu son yi masa gaisuwa za su same shi daga ranar Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata, a tashar bas ta ƙasan gangara, da jakar littattafai a hammata. Mai mota in ya gan shi ya taimaka ya tsaya, in dai birkinsa yana ci.