Murmushin Kawu Thiem

A duk garin Cao Bang babu namiji irin Kawu Thiem, shugaban layinmu. In kana shakka, tambaye shi. Mu Gagara-Sanyi muke ce masa a bayan ido. Da sunan ya kai kunnensa, sai ya ɗauka sarauta ce.

Da sanyi ya gangaro daga duwatsu, kowa ya nemi man shafawa. Ban da Kawu.

"Mai? Ni?" in ji shi, ya ture kwalbar da matarsa Nhan ta miƙo. "Fatar shugaba ba takalmi ba ce da za a goga mata mai. Jama'a na kallona."

"Kallo kam suna yi, Baban Hoa. Kaushinka ya gama da bargonmu."

Shi nasa ilimin daban ne. Wanka da ruwa mai ƙuna safe da yamma, da sabulun wanki, sannan ya tisa garwashi a gaba yana lasar leɓe. Masha Allah, jiki ya amsa. In ya sosa ƙwauri sai ka rantse garin shinkafa ake tankaɗewa.

Abin da Kawu ya ƙwallafa rai a kai shi ne safiyar Tet, bikinmu na sabuwar shekara. Wanda ya fara taka gidanka a sabuwar shekara, ai shi ya ɗauko maka sa'arta. Goggo Luyen mai babban shagon taliya ta zaɓe shi, bayan ya gaji da tuna mata cewa bai damu a zaɓe shi ba. Roƙonta ɗaya: ya shigo da fara'a.

Safiya ta yi, ga Kawu cikin kwat, baki a tsuke kamar an ɗinke.

"Na kawo wa gidan nan arziki," ya faɗa ta gefen baki, "kamar yadda na kawo wa layin nan tsari."

"Haba Kawu, ba ta'aziyya ka zo ba," in ji Goggo. "Washe mana baki!"

Ya washe. Leɓen ƙasa ya dare, jini ya ɗiga tsakiyar tiren wainar shinkafar da za a ajiye wa kakanni. 

Kawu ya gyara kwat. "Ja ai launin sa'a ne."

Ba a yin faɗa ranar Tet, don haka Goggo ta haɗiye nata. Amma shekarar nan, tukunyar romo ta huje, Kawu ne. Kyanwa ta gudu, Kawu ne. Har surukinta da ya ƙi aiki tun fil azal, Kawu ne.

Duk da haka, da shekara ta zagayo, sai ga Goggo da kanta a ƙofarsa, riƙe da ƙunshin shayi.

"Kun gani?" in ji Kawu ga maƙwabta. "Mai sa'a ba ya ɓuya."

Goggo ta russuna. "Alfarma nake nema, Kawu. Bana ka fara da gidan Vuong."

Vuong shi ne mai shagon taliyar da ke tsallaken nata.