Yadda Za Ka Sa Wa Hannun Gem Sandar Maganaɗisu Ka Daina Shan Kashi A Wurin Matarka

Ɗan'uwa, in matarka na lallasa ka a gem ɗin ƙwallo a gaban 'ya'yanka, kai kuma ka rantse laifin hannun gem ne, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan daki-daki. Ni na tsaya maka, mutuncinka zai dawo falo.

Mataki na 1: Tara shaidu

Ajiye hannun gem ɗin a kan tebur ka koma gefe. Za ka ga ɗan wasanka ya miƙe ya nufi hagu shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. 'Yar sandar da kake murzawa da babban yatsa ce ta cinye daga ciki. Kira kowa ya gani. In madam ta ce, "Allah sarki, Maigida, ashe abin da ke damunka ke nan," kar ka kalli fuskarta. Dariya take haɗiyewa.

Mataki na 2: Nemi sanda mai maganaɗisu

Tsohuwar sanda gogayya take yi a ciki har ta zaizaye. Sabuwar kuwa ba abin da ke taɓa wani, ɗan maganaɗisu ne ke motsi, na'ura tana karanta inda ya nufa. Ba sai ka gane ba. Ka dai yawaita cewa "maganaɗisu" a wurin cin abinci, yara za su soma ganinka da gashi a ka.

Mataki na 3: Buɗe da kanka

Namiji ba ya kai wa mai gyara abin da bai fara lalatawa ba. Ɗauko sukundireba ka kwance. Ƙusa ɗaya za ta gangara ƙarƙashin kujera, ka yafe ta. Akwai wata siririyar waya kamar tsumma, ja ta da ƙarfi, in ta tsinke dama ƙarshenta ya zo. Da ka zo wurin narka dalma za ka ƙone yatsa. Kar ka yi ihu, suna jin ka daga kicin. Kwashe tarkacen ka zuba a leda.

Mataki na 4: Shagon mai gyara

Ka ce yara ne suka buɗe. In ya kalli yatsanka, tura shi aljihu. Bayan ya ɗaura sabuwar ya yi mata saiti, sai ka zaro hannun gem ɗin madam, lafiyayye, ka rage murya: "Tsohuwar sandar nan da ka cire, dasa min ita a nan."

Zai ce, "Oga, ai wannan lafiyarsa ƙalau."

Ka ce masa aikinsa gyara ne, ba tambaya ba. Masana sun yi ittifaƙi cewa wannan ba zalunci ba ne, rabon arziki ne.

Mataki na 5: Kira wasa

Zaunar da yara a gaba. Miƙa mata nata da fara'a, har ka ce ta zaɓi ƙungiyar da ta ga dama.

A nan wasu kan gamu da 'yar matsala. Yatsanka ya daɗe yana karkata dama don ya gyara jan hagu, ba wanda ya sanar da shi an yi gyara. Ɗan wasanka zai ɗauki ƙwallo ya fice fili ta dama da gudu. Ita kuwa za ta ɗan ɗaure fuska, ta juya hannun gem ɗin nata, ta kalle ka ta wutsiyar ido, ta ci gaba da zura maka ƙwallo ba ji ba gani.

Mataki na 6: Karɓi abin da aka ba ka

Bayan an tashi za ta matso kusa da kunnenka, ta ajiye maka mai jan hagun a cinya. "Ungo kayanka, Maigida, ko ka samu abin gaya wa yara."

Karɓi, ka yi godiya. Kunya za ta kama ka har wuya, amma ba ta kisa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da yatsan da ya ƙone, ko ƙusar da ta ɓata, ko sunan da mai gyara zai laƙaba maka. Alkawarinsa a kan sanda ne, kuma sanda ta gyaru. In autarka ta tambaye ka me ya sa Mama ke cin ka da kowanne hannun gem, kar ka kira ni.