Alalen Waken Awaki

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba zan taɓa mantawa da ranar godiyar kaka a cocinmu na Sabon Gari ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar in shaƙe Baban Ladi, wato maigidana.

Shi a Shika yake aikin dabbobi. Wata shekara ya samo irin wani wake wai shi lufin, ya shuka da sanyi a lambunsa na bayan Samaru, wai ya fi waken suya gina jikin awaki. Duk wannan daga baya na ji. Mutumin nan ya girbe abinsa, ya zuba a buhu, ya jingine min a sito kusa da shinkafa, bai ce uffan ba.

Ni kuwa a lokacin zumuntar mata ta ɗora min alalen manyan baƙi, don kowa ya san hannuna. Na buɗe buhu na ga wake fari tas, manya-manya, na ce yau dai Baban Ladi ya yi abin kai. Ɓawon ya ba ni wuya wajen surfe, amma na ce waken masu kuɗi ne, dole ya yi yanga. Na kai niƙa, na zuba manja da ƙwai ba ƙyashi. Ban ɗanɗana ba. (Ai ni ce mai cika baki a zumunta cewa mai ɗanɗana girki ba ta iya ba ne.)

Da hannuna na ajiye wa Baba Fasto nasa, na tsaya ina jiran yabo. Bawan Allah ya kai loma, ya rufe ido, na ɗauka addu'a yake ƙarawa. Da ƙyar ya haɗiye, ya nemi ruwa. Sai Mama Ngozi, mai shagon atamfa wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta tofar da nata.

"Maman Ladi, wannan alale ne ko maganin zazzaɓi?"

Na gutsura na kai baki. Maɗaci albarka! Na so ƙasa ta tsage in shige.

A gida na tare shi tun daga ƙofa. "Baban Ladi, wane irin wake ka ajiye min?"

"Wake? Kai! Ba dai lufin ɗina kika taɓa ba? Na awaki ne fa! Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita." Ya leƙa buhun, ya dafe kai. "Yanzu irin baɗi ma kin cinye min?"

Ku ji fa. Sunana ya zube a gaban coci guda, shi ta iri yake yi.

Cikin fushi na kwashi sauran alalen na juye wa awakin da yake kiwo a gida, tunda nasu ne. Suka sunsuna, suka juya min baya.

Da shekara ta zagayo, zumunta ta ba ni aikin wanke kwanuka. Yanzu ko ruwan zafi na dafa, sai na ɗanɗana.