Zamanin Da Famfo Ya Kawo Ruwa

Jama'a, ranar Asabar ɗin da ta wuce na rayu a cikin zamani mafi daɗi a tarihin ƙasar Daura. Abin takaici, bai kai la'asar ba ya ƙare.

Bari in faro muku daga tushe. Akwai wata yarinya, Raihana, a wani ƙauye gaba da garin Babban Mutum, wadda in ta yi min sallama a waya sai in ji kamar an yayyafa wa zuciyata ruwan randa. Na sha yin alkawarin zuwa gaida mahaifinta, Malam Maliki, rashin mai yana mayar da ni maƙaryaci. Sai ta kira ni, babu ko gaisuwa, ta ce, "Baba ya ce in Asabar ta wuce bai ga ƙeyarka ba, in goge lambarka. Ni ma na gaji da kare ka." Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Asabar da hantsi na ci farar shadda, na fesa turare, na tura babur ɗina zuwa gidan mai. Kafin in isa turaren ya bi gumi. Na tarar an tare ƙofa da igiya, layi kuwa ya miƙe ya sha kwana, wasu ma tabarma suka zo da ita. Gabana Baba Dabo ne, maƙwabcinmu dillalin awaki. Bayana Oga Uzoma mai sayar da kayan gyaran babur, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Na share goshi na ce, "Wallahi an haife ni a makare. Ni ɗan zamanin fatake ne. Da yanzu ina bisa raƙumi, rawani yana kaɗawa, ina ratsa sahara saboda masoyiyata. Na karanta labarinsu kaf. Raƙumi ba ya bin layi."

Baba Dabo ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Kai ɗin? Kai da ka tura babur daga gida zuwa nan kake haki kamar tunkiyar da ta ga wuƙa? Ranar farko za su musanya ka da gishiri, ɗana. Kuma su ce an cuce su."

"To Baba, kai wane zamani za ka zaɓa?"

"Zamanin macijin rijiyar Kusugu."

"Macijin da ya hana mutane ruwa?"

"Wa ya faɗa maka ya hana? Tsari ya yi! Ya ce Juma'a kaɗai za a ɗiba, kuma duk Juma'a ana ɗiba. Ka taɓa jin ya ce injin ya lalace? Ka taɓa jin ya kafa kwamiti? Ni da ina nan lokacin da baƙon nan ya zare takobi, riƙe masa hannu zan yi in ce, bawan Allah, dakata, ba ka san masu zuwa a bayansa ba."

Oga Uzoma ya yi dariya har babur ɗinsa ya kusa kifewa. Ya ce, "Ku dai ku yi ta komawa baya. Ni wannan zamanin nake so, ango. Kowane rami a hanyar nan abokin cinikina ne. Kullum da safe ina yi wa manya addu'a, Allah ya ƙara musu mantuwa."

Muna cikin haka sai ga abin al'ajabi. Aka kwance igiya! Gidan man da ya rantse babu ko ɗigo ya fara zubawa da hannu bibbiyu. Sai ga tifa ta wuce ɗauke da jar ƙasa, tana ciyar da ramuka. Sai ga wasu da bokitin fenti suna shafa wa duwatsun bakin hanya fari, har da wani jaki da ya tsaya kusa ya samu rabonsa a gindi. Kafin ka ce me, labari ya zaga layi: Mai Girma Sarkin Almakashi, Gwanin Yanka Ƙyalle, Uban Aza Harsashi, zai wuce buɗe famfon burtsatse. A ina? A ƙauyen su Raihana!

Ku bar ni in yaba wa manyanmu, don ni ba butulu ba ne. Wane sarki a tarihi ya taɓa warkar da hanya tsakanin karin kumallo da azahar? Na karanta labarin dauloli da yawa, ban ga ko ɗaya ba. Tausayi ne ya sa ba sa yin haka kullum, don kada daɗi ya yi wa talaka yawa ya kwanta rashin lafiya.

Na cika tanki, na bi ƙurar ayarin. Motoci baƙaƙe jere, kowace ɗauke da mutum ɗaya da gorar ruwansa. Akwai motar mai riƙe almakashi, akwai ta mai riƙe faifan da ake ɗora almakashin. Ni kuwa ina can baya ina rera waƙar da na tsara wa Raihana, jar ƙasa tana shiga bakina. Na isa ƙauyen shaddata ta koma kalar tukunya, amma na isa.

Dandali ya cika. Ga tanki sabo fil an ɗora a kan ƙarafa, ga famfo an ɗaura masa ƙyalle kamar amarya. Mai Girma ya yi jawabi, ya ce daga yau ƙishirwa ta zama tarihi. Ya yanka, ya murɗa, ruwa ya ɓarke. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na fashe da kuka, wata tsohuwa ta miƙo min bakin mayafinta.

A nan na hangi Raihana da bokiti a ka. Na matsa na ce, "Hasken idona, na zo."

Ta ce, "Na gani. Rami ka faɗa?"

"Saboda ke na sha ƙura."

"To je ka gaida Baba tun yana cikin fara'a. Kuma don Allah kada ka yi masa waƙa."

Na sami Malam Maliki a ƙofar gida, na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa fuska a sake, ya tambayi mutanen Daura, ya tambayi sana'ata, na ce rubutu, ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ce, "To, tunda ka cika alkawari, kuma ga ruwa ya samu, sai ka turo magabatanka. Dama abin da ke damuna, kada in tari baƙi da randa a bushe. A gidan nan ba a taɓa yi ba."

Jama'a, a wannan lokacin da za a kawo min raƙuman fatake gaba ɗaya, har da gishirin, ba zan karɓa ba.

Sai muka ji ƙarar ƙarfe. Muka waiwaya. Jiniyar Mai Girma ba ta gama ɓacewa ba, wasu ƙarti suka hau ƙarafan, suka tsiyaye sauran ruwan a ƙasa, suka sauko da tankin suka ɗora a bayan a-kori-kura. Wani ya kwance kan famfon ya jefa a aljihu. Ashe motar ruwa ce ta cika tankin da asuba, ramin burtsatsen kuwa ko ɗan akuya ya faɗa zai fito da kansa.

Malam Maliki ya miƙe. "Kai, samari! Ina za ku da shi?"

"Yi haƙuri, Baba, ana jiransa a gaba. Gobe akwai buɗewa wajen Mai'adua."

Raihana ta leƙo daga zaure, ta ƙare wa tankin kallo, ta ce, "Ai na san shi. Bara shi aka buɗe a garin gwaggona, ga lotsawar nan a gefensa." Ta juyo gare ni. "Ka ga wannan tankin? Ya fi ka zuwa zance."

Na dubi Malam Maliki. "Baba, maganar magabatan fa?"

Ya daɗe yana kallon bututun da aka bari tsirara. Ya ce, "Ba na magana biyu, ɗana. Ka turo su. Ranar da abin can ya sake zubo ruwa."

Na koma Daura da yamma. Jar ƙasar ta riga ta bi tayoyin ayari, ramuka sun buɗe ido. Na faɗa guda, ƙafar babur ta gaba ta lanƙwashe, Oga Uzoma ya tarbe ni da murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, ango."

Saboda haka, ranka ya daɗe Sarkin Almakashi, ga roƙon wani bawan Allah. Ba na neman kwalta, ba na neman lantarki. Ka dawo ka sake buɗe famfon nan. Babu wanda zai ce an riga an buɗe, wallahi za mu yi tafi kamar ba mu taɓa ganin tankin ba. Ka dai sanar da ni da wuri, in jera kawunnaina a bayan a-kori-kurar, su yi sallama kafin a sauke tankin.

Jiya na tambayi Raihana wane zamani za ta zaɓa. Ta ce na macijin, don da shi ne, da Juma'ar nan an sa mana rana.